Manyan kamfanoni sun ce sun koma kula da muhalli, to wa ke kwashe robar da ta toshe mana kwata?

Malama Hadiza: Assalamu alaikum 'yan zaure, barkanmu da safiya. Wani abu ne ya tsaya mini a rai tun jiya, na ce bari in kawo shi nan tunda akwai masana a cikinmu. Jiya bayan la'asar aka yi ruwa a nan Kano, ba ma wani mai ƙarfi ba, amma kafin a kira magariba ruwa ya shafe layinmu har ya fara shiga zaurukan mutane. Samarin unguwa suka fito da shebur da manjagara suka tone kwalbatin bakin titi. Na tsaya a ƙofar gida ina kallon abin da suke zaƙulowa: robar lemo, robar ruwa, ledar fiya wata, sai ɗan yashi da tsummokara. Buhu 7 suka cika kafin ruwan ya samu hanya. Na ɗauki roba ɗaya na goge taɓon da ke jikinta, ga alamar nan ta kibiyoyi uku masu bin juna, wato ana iya sake sarrafa ta.

Da daddare ina duba waya sai ga tallar wani babban kamfanin lemo, ma'aikatansa sanye da korayen riguna suna dashen bishiyoyi, suna tsintar roba a bakin teku. Ni kimiyya nake koyarwa a ƙaramar sakandare, kuma ɗalibaina sun sha tambayata ko da gaske ne manyan kamfanoni sun fara kula da muhalli. Ba na son in faɗa wa yara abin da ban tabbatar ba. Da gaske an samu canji, ko talla ce kawai?

Injiniya Bashir: Wa alaikumus salam Malama. An samu canji, kuma ni ganau ne ba jiyau ba. Shekara 14 ina aikin kula da injina a masana'antu. Lokacin da na fara, janareta ne ke aiki dare da rana, baƙin hayaƙi na tashi, ba mai ɗaga kai ya kalla. Yau ki hau rufin masana'antu da yawa a Sharaɗa da Bompai ki ga farantan sola. Wasu sun mayar da janaretocinsu na gas. Ruwan da ake sanyaya inji da shi, wanda a da ake sakin sa ya bi kwata, yanzu ana tara shi a mayar da shi cikin inji.

Ki dubi turakun sadarwa ma. Kowace hasumiyar waya da janareta take kwana, amma kamfanin IHS mai dubban turaku a Najeriya ya ƙaddamar da shiri a 2022 na sa sola da batura domin rage shan dizal. MTN kuma ya sa wa kansa 2040 a matsayin shekarar da zai daidaita hayaƙin da yake fitarwa, wato abin da yake saki a iska kada ya wuce abin da yake cirewa daga cikinta. Matatar Dangote ta sanar a 2025 cewa za ta kawo tankoki 4,000 masu aiki da iskar CNG don rarraba mai. Waɗannan ba hoton dashen bishiya ba ne, ƙarfe ne da kuɗi aka zuba.

Barista Zainab: Injiniya, ban musa maka ko ɗaya ba. Amma ka faɗa mana tsakani da Allah, ranar da shugabannin masana'antarku suka zauna kan maganar sola, sauyin yanayi aka tattauna ko kuɗin dizal?

Injiniya Bashir: Kuɗin dizal, Barista. Ba zan yi miki ƙarya ba. Dizal ya yi tashin gwauron zabo tun 2022, sannan a watan Afrilun 2024 aka kai kuɗin wutar masu rukunin Band A naira 225 kan kowane yunit. Duk mai masana'antar da ya iya lissafi sai ya nemi mafita. Amma ni a wurina hayaƙin da bai tashi ba, bai tashi ba. Yaron da ke zaune bayan katangar masana'anta huhunsa bai damu da niyyar manaja ba.

Barista Zainab: Na yarda da wannan. Dalilin tambayata shi ne a gane inda gizo ke saƙa. Duk inda kula da muhalli zai rage wa kamfani kashe kuɗi, ba sai an roƙe shi ba, da gudu zai yi. Wajen da za a gane gaskiyarsa shi ne inda kulawar za ta ci masa riba. Kuma tambayar Malama a nan ta faɗa, domin kwashe roba daga kwatar Kano asara ce ga wanda ya sayar da lemon, ba riba ba.

Ga misali da kowa zai iya bincikawa. A watan Janairun 2018 Coca-Cola ya yi alkawarin cewa kafin 2030 zai riƙa tattarowa da sake sarrafa gora ɗaya ko gwangwani ɗaya a madadin kowane ɗaya da ya sayar, kuma rabin abin da yake yin mazubansa da shi zai zama wanda aka sake sarrafawa. A 2022 ya ƙara da cewa kashi 25 cikin 100 na abin shansa zai koma mazubin da ake mayarwa a sake cikawa. Sai ga shi a watan Disambar 2024 ya fito da sabon lissafi: wa'adi ya koma 2035, tattarowa ta sauka zuwa kashi 70 zuwa 75, kayan da aka sake sarrafawa kashi 35 zuwa 40, maganar mazubin da ake mayarwa kuwa ba ta cikin sabon jerin. Babu kotun da ta kira shi, babu tarar da ya biya, saboda alkawarin da ma shi ya ɗaukar wa kansa. Haka BP, kamfanin mai na Birtaniya, a watan Fabrairun 2025 ya rage kuɗin da yake zubawa a makamashi mai tsafta ya ƙara a haƙar mai da gas, saboda masu hannun jari sun ce ribar ta yi kaɗan.

Kabiru a Jamus: Salam jama'a. Anti Barista ta taɓo abin da ya fi ba ni mamaki da na zo karatu ƙasar nan. A nan idan ka sayi ruwa ko lemo a robar da ake amfani da ita sau ɗaya, ana ɗora maka santi 25 a kan farashin. Ka shanye, ka kai robar kanti, akwai inji a bakin ƙofa. Ka zura ta, ya juya ta ya karanta lambar jikinta, ka ji ya murƙushe ta, ya ba ka 'yar takarda ka je a cire maka kuɗin a sayayyarka. Tun 2003 ake wannan tsari, kuma sama da kashi 90 cikin 100 na irin waɗannan robobi suna dawowa. Ko wani ya sha a titi ya ƙi ɗauka, gefen kwandon shara yake ajiye ta, saboda ya san akwai mabuƙacin da zai zo ya ɗauka ya karɓi kuɗin.

Kamfanonin da ke bin wannan tsari a nan su ne dai waɗanda ke sayar mana da lemo a gida. Ba wai na nan sun fi tsoron Allah ba ne. Doka ce. Tun watan Yulin 2024 Tarayyar Turai ta ce murfin gora ya zama a manne da ita don kada ya yi ta yawo a ƙasa, kuma daga 2025 dole kashi 25 na robar da ake yin gorar ya zama tsohuwar da aka sake narkawa. Sun yi gunaguni, amma sun bi.

Alhaji Ɗanlami mai injin roba: Assalamu alaikum. Na karanta duka, kuma maganar nan gidana ta zo, domin shekara 19 ina cin abinci a roba. Malama, buhu 7 ɗin nan da yaranku suka fitar, ina suka kai su?

Malama Hadiza: Suna nan jibge a bakin titi Alhaji, muna jiran motar shara.

Alhaji Ɗanlami mai injin roba: To kafin motar ta zo 'yan bola jari za su riga ta, su zaɓe gorunan su bar ledar. Bari in bayyana muku yadda abin ke tafiya, saboda mutane da yawa sun ɗauka kamfani ne ke zuwa ya kwashe kayansa.

Yaro ne ke fita tun asuba da buhu a kafaɗa da ɗan ƙarfe a hannu, ya bi bola, ya bi kwata, ya bi wajen biki da tasha. Ya kai wa dila a unguwa a auna masa a sikeli. Gora abu ce marar nauyi, sai ka haɗa ƙanana 40 zuwa 50 kafin ka samu kilo guda, ga cika wuri. Dila ya tara ya kawo mini. A wajena mata ne ke zama su ware: fara gefe guda, koriya da ruwan ƙasa gefe guda, a cire murfi domin shi robarsa daban ce kuma kasuwarsa daban, a yanke takardar jiki da reza. Daga nan a zuba a inji ya daddatsa ta ƙanana kamar ɓawon ƙwai, a wanke, a shanya, a ɗura a manyan buhuna. Mota ta ɗauka zuwa Legas. Wani a mayar da shi zare irin wanda ake cusa wa filo da katifa, wani a fitar da shi waje, kaɗan ne ke komawa gora.

Farar gora ita ce mai daraja, don ita ce za a iya mayarwa kowane launi. Koriya kuwa sai da roƙo ake saye. Shi ya sa da aka mayar da robar Sprite fara maimakon koriya na ce lallai wannan an yi abin kirki, kuma mun ga amfaninsa a sikeli. Wannan ɗaya ce da zan yaba. Amma ɗaukacin wahalar, daga kwata zuwa bakin injina, talaka ne ke yin ta, kuma babu wanda ya ɗauke shi aiki. Bara wani yaro da ke kawo mana kaya ya taka fasasshiyar kwalba a bola, ƙafa ta kumbura ta yi ruwa, wata biyu yana kwance. Mu muka yi karo-karo muka kai shi asibiti.

Injiniya Bashir: Allah ya saka da alheri Alhaji. Amma ai akwai haɗakar da kamfanonin suka kafa don wannan aikin. A 2018 Nigerian Bottling Company da Nestlé da Seven-Up da Nigerian Breweries suka haɗu suka kafa FBRA domin tattara robobinsu, daga baya wasu suka shiga. Nestlé ma ya fara sayar da ruwa a gorar da rabinta tsohuwar roba ce. Ba ku ga tasirin wannan a kasuwarku ba?

Alhaji Ɗanlami mai injin roba: Injiniya, duk lokacin da aka samu sabon mai saye a Legas muna ji a jikinmu, farashi yana ɗan motsawa. Ban raina ba. Amma abin da ya fi juya kasuwarmu shi ne farashin ɗanyen mai, domin daga mai ake yin sabuwar roba. Idan mai ya faɗi, sabuwa ta yi araha, sai masu masana'anta su ce me zai kai su sayen tsohuwa mai datti. Sai waya ta zo daga Legas a ce an rage kaza a kilo. Ni in rage wa dila, dila ya rage wa yaro, yaro ya ga wahalar ba ta biya ba ya koma tsintar ƙarfe da gwangwani. Gora ta zauna a kwata. Haka muka gani a 2020 lokacin korona. Kafin nan ma, da China ta rufe ƙofa ga sharar roba a farkon 2018, kasuwar duniya gaba ɗaya ta girgiza.

Da a ce akwai dokar da ta ce dole kowace sabuwar gora ta ƙunshi kaso kaza na tsohuwa, kamar yadda Kabiru ya faɗa, da ko mai ya faɗi sai sun neme mu. Wannan ce kaɗai za ta tsayar da farashi.

Maman Ikram: Ni dai ina sayar da zoɓo da kunun aya, kuma robobin nan su ne jarina. Ina sayensu a hannun yara, in jiƙa su da ruwan zafi da omo, in wanke da ɗan buroshi, in kife su a kwando su bushe. Masu manja da man gyaɗa da fura duk haka suke yi. To idan aka kawo tsarin Jamus ɗin nan gora ta yi tsada, mu ina za mu sa kanmu? A riƙa tunawa da mu idan ana tsara abu.

Kabiru a Jamus: Gaskiya ne Mama, ban yi tunanin wannan ba sam. A nan ba wanda ke sake ɗura abu a gorar don sayarwa, shi ya sa bai zo mini ba.

Barista Zainab: Maman Ikram, tambayarki ta fi ƙarfin a share ta. Sai dai ina ganin kuɗin ajiyar da ake ɗora wa gorar ba zai ɓace ba, zagayawa zai yi: kin saya da kuɗin a kanta, kin sayar da zoɓo da kuɗin a kanta, wanda ya sha ya mayar ya karɓi abinsa. Jarin farko ne zai yi miki nauyi, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mai ƙaramar sana'a. Dole duk wanda zai rubuta irin wannan doka ya zauna da irinku tukuna.

Baba Alhaji Garba: 'Ya'yana, abin da kuke cewa na Jamus ai mun yi shi a nan. Ina da kanti tun zamanin Shagari. Lemo a kwalba yake zuwa cikin kiret. Idan yaro zai tafi da shi gida sai ya kawo kwalbar da ba komai ko ya ajiye kuɗin kwalba. Motar kamfani ba ta sauke maka kiret ɗaya sai ka ba ta kiret na kwalabe. A mayar a wanke a sake cikawa, kwalba ɗaya ta yi ta zagaye har gefenta ya yi fari saboda gugar juna. Ba ka taɓa ganin kwalbar lemo a kwata, domin kuɗi ce. Su kamfanonin da kansu suka tsara haka, kuma su suka janye. Roba ba ta da nauyi, ba ta fashewa, mota ta tafi ba sai ta dawo da kaya ba, ba injin wanki. Nauyin da suka sauke daga wuyansu shi ne ya dawo ƙofar gidan Malama.

Malama Hadiza: Allah ya ƙara lafiya Baba. Wallahi na tuna ana aike na da kwalba a hannu. Wannan zan fara faɗa wa ɗalibaina, don su a roba suka buɗe ido.

Usman Mahauci: Ku yi mini afuwa, ni ba mai dogon karatu ba ne, amma kuna ta maganar gora kun bar leda. Gora ko banza tana da mai tsinta. Ledar fiya wata da baƙar leda fa? Mu a mayanka muke ganin ƙarshensu. Za a kawo saniya ta rame, ciki ya kumbura, mai ita ya ce ya yi magani har ya gaji. Ka yanka ka buɗe tumbi ka tarar da leda ta dunƙule ta nannaɗe da igiya da tsumma, ta yi tauri kamar dutse, sai ka sa hannu biyu kafin ka ɗaga. Akuyoyin cikin gari kuwa wuya ka yanka goma ba ka samu a wasu ba. Dabba tana ci tana jin ta ƙoshi alhali yunwa ke kashe ta. Wannan asarar wa ke biyan makiyayi?

Alhaji Ɗanlami mai injin roba: Usman ya faɗi gaskiya. Ledar fiya wata ana narka ta a yi ƙwayoyin roba, a yi baƙar leda da wasu kaya, amma sai an tara tuli kafin ta yi nauyi, ga laka ga ruwa a ciki. Ledar biskit da ta madara da ta omo kuwa, mai ƙyalli a ciki, ba mai saye ko kyauta, saboda roba ce da gwangwani aka manne wuri guda, ba ta narkuwa yadda ake so. Kuma manyan kamfanoni ne ke yin ta, su ne suka koya mana sayen komai a ƙulli-ƙulli.

Isufu Maraɗi: Sannunku 'yan uwa. Mu nan Nijar an yi doka tun 2014 da ta hana shigo da leda marar kauri da sayar da ita. Amma ku zo bakin gari ku ga itatuwan ƙaya, kowane reshe da baƙar leda na kaɗawa. Gona ma in kana huɗa sai garma ta yi ta tono ta. Don haka Barista, doka kaɗai ba ta isa ba in babu mai tsayawa a kanta. Ruwanda ta hana a 2008, Kenya a 2017, su sun tsaya da gaske shi ya sa aka ga bambanci.

Barista Zainab: Haka ne Malam Isufu, kuma mu ma ba dokokin muka rasa ba. Hukumar NESREA mai tabbatar da bin dokokin muhalli tana nan tun 2007, kuma tana da tsarin da ya ɗora wa mai ƙera kaya alhakin sharar kayansa har bayan an sayar. Dokar sauyin yanayi da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a watan Nuwamban 2021, bayan ya yi alkawari a taron sauyin yanayi na Glasgow cewa Najeriya za ta daidaita hayaƙin da take fitarwa zuwa 2060, ta ce duk kamfani mai ma'aikata 50 zuwa sama ya ɗauki matakan rage hayaƙi kuma ya naɗa jami'in da zai riƙa ba da rahoto. Kamfani nawa ne a cikin garuruwanmu aka taɓa tambaya ina jami'in nasu? Legas da ta tashi tsaye a watan Janairun 2024 ta hana fararen robobin nan na zuba abinci, an yi ta kuka, amma masu abinci sun nemi wani mazubin.

Abin da ya sa nake nacewa a kan mai bincike daga waje shi ne abin da ya faru da Volkswagen a 2015. Sun yi shekaru suna tallar motocinsu na dizal a matsayin masu tsafta, ashe sun sa manhajar da ke gane lokacin gwaji ta rage hayaƙi, in an hau titi ta saki. Mota kusan miliyan 11. Ba rahoton kamfanin ne ya tona ba, masu bincike ne a Amurka suka ɗaura na'ura a mota suka bi titi da ita.

Malam Tukur: Ni a majemar zamani nake aiki, ɓangaren jiƙa fata, kuma ina so in ƙara wani abu a kan kuɗi da doka: mai saye. Fatar Kano Italiya da Sifaniya ake kai ta a yi jaka da takalmi. Manyan kamfanonin da ke saye yanzu suna neman shaidar cewa majemar ba ta zubar da guba, akwai masu zuwa su duba su ba da takarda. Duk wanda ya san yankin masana'antu na Challawa a Kano ya san launin ruwan da ke fita daga majemu da warinsa, kuma sinadarin kuromiyom da ake jima da shi ba abin wasa ba ne, ga masu lambu a ƙasa suna ban ruwa. Wurin da na fara aiki akwai wajen tace ruwa, amma ba a kunna shi sai an ji baƙi za su zo, saboda yana cin wuta da magani. Ni da hannuna na sha kunnawa da safe in kashe da yamma, abin yana damuna har yau. Inda nake yanzu kullum yana aiki, domin mai sayen ya ce zai iya turo mutum ba sanarwa, kuma in aka kama sau ɗaya ciniki ya ƙare. Iyayenmu da bagaruwa suke jima, sai dai ba ta da saurin da kasuwar yau ke so.

Injiniya Bashir: Malam Tukur, Allah ya yafe mana baki ɗaya, na san irin wannan. Amma ina roƙon kada mu tashi a kan cewa duk ƙarya ce, don hakan zai kashe gwiwar masu ƙoƙari a cikin kamfanonin. Ku ɗauki siminti. Shi kaɗai yana fitar da kusan kashi 7 zuwa 8 cikin 100 na iskar kabon ta duniya. Tanderun da ake gasa dutsen yana kai zafin digiri 1,450, kuma fiye da rabin iskar daga jikin farar ƙasar take fita idan ta gasu, ba daga makamashin ba. Wato ko da sola ka kunna komai, matsalar tana nan. Duk da haka Dangote da Lafarge sun fara rage gawayin kwal suna ƙona ɓuntun shinkafa, ɓawon kwakwar manja, tsofaffin tayoyi da sharar masana'antu. Ɓuntun da a da ake jibgewa bayan injin casa a cinna masa wuta ya yi kwanaki yana hayaƙi, yau yana da mai saye. Injiniyoyi ne suka yi ta gwaji kafin tanderu ya karɓa ba tare da simintin ya lalace ba. Wannan aiki ne na gaske.

Barista Zainab: Ban ce ƙarya ba ce Injiniya. Na ce a duba wanda ke biya. Ɓuntu ya fi kwal araha, shi ya sa ya samu shiga, kuma ina murna da hakan. Amma ka tambayi mutanen Ogoni a yankin Neja Delta, waɗanda malalar mai ta lalata musu ƙasa. Rahoton hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 ya ce gyara ƙasarsu zai iya ɗaukar shekara 25 zuwa 30, kuma duk tsawon lokacin da man ke malala kamfanonin suna buga rahotannin kula da muhalli masu kyawun hoto. A roba ma, ƙungiyar ƙasashe ta haɗin kan tattalin arziki, OECD, ta ce kashi 9 cikin 100 kacal na sharar robar duniya ake sake sarrafawa. An zauna a Busan a ƙarshen 2024, an sake zama a Janeba a watan Agustan 2025 don a yi yarjejeniyar duniya kan roba, duka biyun aka tashi baram-baram, kuma babban abin da ya raba su shi ne ko za a rage yawan wadda ake ƙerawa.

Injiniya Bashir: A nan ba ni da ja. Sai dai ni har yanzu ina ganin injiniya ya fi lauya saurin kawo gyara.

Barista Zainab: Ni kuma ina ganin sai lauya ya tsaya a ƙofa ake ba injiniya kuɗin aikin. Mu bar shi a haka.

Maman Ikram: Alhaji Ɗanlami, tambaya. Robobin da suka lotse ko suka tsage waɗanda ba zan iya ɗura zoɓo a ciki ba, ƙona su nake yi a bayan gida. Kuna saye ko kaɗan ne?

Alhaji Ɗanlami mai injin roba: Hajiya don Allah ki daina ƙonawa, hayaƙin nan yana cutar da ke da yara. Ki taka su su baje, ki tara a buhu, murafen a leda daban. In buhu ya cika ki ba kowane dila na unguwarku ya auna. Kuɗin ba yawa, amma zai sayi sukarin kunu.

Malama Hadiza: Na gode ƙwarai jama'a, na samu abin da zan shiga aji da shi. Zan sa kowane yaro ya kawo mazubi uku daga gidansu, mu ware wanda ke da mai saye da wanda ba shi da shi, mu rubuta wa kamfanonin da sunansu ke jiki mu tambaye su inda za mu kai wanda Alhaji ya ce ba ya narkuwa. Alhaji, in shugaban makaranta ya amince, za ka bari in kawo 'yan aji uku su ga injin da idonsu? Su 42 ne.

Alhaji Ɗanlami mai injin roba: Ki kawo su Malama, amma kashi biyu, wurin ba shi da faɗi. Ranar Asabar da hantsi ta fi, lokacin dilolin ke kawo kaya, su ga yadda ake awo da yadda mata ke warewa. Kowa ya sa takalmi rufaffe, ban da silifas, akwai kwalba da waya a ƙasa. Zan sa a kashe injin sai sun gama zagayawa sannan a kunna su gani daga nesa.